Yadda ake kai zango: yini guda a kan keke a hamadar Nubiya

Akwai ayarin masu keke da kan tashi daga Alƙahira a watan Janairu, su yi ta murza feda har Cape Town, ƙarshen Afirka ta Kudu. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Tour d'Afrique, da aka fara a 2003: a lokacin da ake bin hanyar gaba ɗaya, kimanin kilomita 12,000 ce cikin wata 4, a kan ci wajen kilomita 120 a yini idan aka cire ranakun hutu. Zan ɗauko maka yini ɗaya ne daga irin wannan tafiya, a inda na fi sani, wato arewacin Sudan, yankin da ake kira Nubiya. Daga Wadi Halfa zuwa Dongola kilomita 400 ne ko kusa da haka, daga Dongola zuwa Khartoum kuma wajen 500. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 wannan hanya ta rufu ga masu yawo, kada ma ka sa ta a ranka yanzu. Amma tsarin yinin bai canza ba, shi za ka tarar a hamadar gabashin Masar tsakanin Safaga da Kina, shi ne kuma a Namibiya, sai dai can burji ya fi yawa.

Ka fara da sanin wannan: kilomita 140 a yini guda ba gagarumin abu ba ne. Yaron da ya saba kai buhun gawayi kasuwa a keke zai yi su, ya dawo ya buga ƙwallo. Abin da ke kayar da mutane shi ne gobe ma haka, jibi ma haka, gata ma haka, wani lokaci kwana 6 a jere kafin a ba da hutu. Saboda haka duk abin da za ka ci, ko ka sha, ko ka shafa, ko ka haƙura da shi yau, jikin da za ka hau keke da shi gobe kake yi wa tanadi.

Tsarin ayarin bai bambanta da na fatakenmu na dā ba. Akwai madugu, shi ke yanke inda za a kwana. Akwai jagaba da ke wucewa gaba a mota yana ɗaura ƙyalle mai launi a duk mararraba. Akwai ɗan baya, ma'aikaci ne a kan keke wanda ba ya wuce kowa, sai ya ga na ƙarshe ya shiga zango. Ga babbar motar kaya da girki, ga ƙarama mai tsayawa a tsakiyar hanya da abincin rana, sai makanike da mai jinya. Ka san fuskar ɗan baya da lambar wayarsa tun ranar farko.

Asuba

Sanyi ne zai fara ba ka mamaki. A Janairu dare kan sauko ƙasa da digiri 10 a Nubiya, ga iska, kai kuma ka zo da tunanin zafi kaɗai. Ka tashi awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana. Kayan da ke cikin tanti su za ka fara naɗewa kana ciki, sannan ka fito ka kwance tantin, kuma kada ka zare turakun ɓangaren da iska ke bugowa sai a ƙarshe. Na ga tantin wani ɗan Holan ya tashi sama yana birgima a kan yashi, mai shi na binsa da takalmi ƙafa ɗaya.

Idan Musulmi ne kai, ka sani ruwan tankin mota na sha ne da girki, kuma akwai zangon da za a ce ko wanke fuska ba a yarda ba. Ƙasa mai tsarki kuwa ga ta nan iya ganinka, ka yi taimama. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru, ka tambayi malaminka batun haɗa salloli tun kana gida don kada ka tsaya wasiwasi a bakin titi. Direbobi da masu girki 'yan ƙasar ne galibi, da su za ka riƙa yin jam'i, su ne kuma suka san alƙibla ba sai an duba waya ba.

Karin kumallo kunun oats ne, da biredi, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, da shayi. Ba za ka ji yunwa a wannan lokaci ba, amma ka ci, ka ƙara. Ka cusa dabino da gyaɗa a aljihu. Sai ka koma kan kekenka: ka matsa tayoyi da babban yatsa, ka ja birki biyun, ka juya feda baya ka saurari sarƙa. Minti 2 ne. Ka kwafi kwatancen hanya daga allon da madugu ya rubuta, ko da kuwa duk abin da ke kai shi ne: miƙe, abinci a kilomita 75, zango a 145 hannun dama. Mutane sun sha wuce zango da kilomita 10 don ba su rubuta lamba ɗaya ba.

Batun tufafi, ka sa riga mai dogon hannu, marar nauyi, mai haske. Ka ɗora wata a kai saboda sanyin safe, za ka cire ta da hantsi. Hular kwano dole ce, a ƙarƙashinta ƙyalle da zai rufe ƙeya, ka iya jawo shi kan hanci idan ƙura ta taso. Tabarau ma dole. Kada wani ya ruɗe ka da cewa baƙar fata ba ta ƙonewa: hanci da leɓe da bayan hannu za su saɓule, ka shafa man kare rana, har a leɓe. Wandon keke mai soso a ciki shi kaɗai ake sawa, ba a sa ɗan kamfai a ƙarƙashinsa, ɗinkin ɗan kamfan ne ke yanka fata. Ka shafa basilin a duk inda jiki ke gogar sirdi tun kafin ka hau. Na san maganar ba ta da daɗin ji, amma marurai a mazauni sun sauke mutane daga keke fiye da yadda ciwon gwiwa ya yi.

Da gari ya waye har kana iya ganin ramin titi, ka tashi. Da sanyin safiya ake kama fara. A wannan yanki iskar hunturu daga arewa take busowa, kai kuma kudu ka nufa, ke nan a bayanka take, tana tura ka. Wata rana za ka ga kana cin kilomita 30 a awa ba tare da ka yi nishi ba. Nan ne samari ke rasa hankalinsu, su sa giya mai nauyi su yi ta tsere. Kai dai ka bar awa ta farko ta zama ta ɗumama jiki. Ka zaɓi giya mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon ka riƙa danna feda da ƙarfi. Ma'aunin da nake amfani da shi: idan ba zan iya yi wa na kusa da ni hira ba sai da haki, na wuce gona da iri.

Ka nemi mutum 3 ko 4 da ƙarfinku ya zo ɗaya, ku jeru. Wanda ke bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, domin na gaba ne ke tsaga iska. Kowa ya ja na 'yan mintuna, ya zame gefe, ya koma baya. Dokokin ba su da yawa, amma karya su na sa a zubar da jini. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, in ya ɗan karkace kai ne a ƙasa. Kada ka ja birki ba zato. In ka ga rami ko yashi ya hau titi, ka nuna da hannu, ka faɗa da baki. Kada ka kafa wa tayar gabanka ido, ka riƙa leƙen hanya ta saman kafaɗarsa. Wanda kullum yana baya, bai taɓa ja ba, ba za a ce masa komai ba, sai dai gobe ya ga an tashi ba a neme shi ba.

Manyan motocin fasinja masu zuwa Khartoum ba sa rage gudu don keke. Ka ji oda daga baya, musamman in wata motar na tahowa daga gaba, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Ba wurin nuna gaskiya ba ne.

Ruwa

A nan zan daɗe, don a nan rai yake. Iskar hamada busasshiya ce ƙwarai, gumi na fita yana bushewa nan take, ba za ka ga rigarka ta jiƙe ba. Sai da yamma ka ga farin gishiri ya yi zane a kafaɗa. Wanda ya saba da gumin Legas ko na damina a Kaduna zai ɗauka bai yi gumi ba, alhali ruwan jikinsa na tsiyayewa. Ƙishirwa kuma a makare take zuwa. Kada ka jira ta. Ka riƙa kurɓa duk minti 15, yadda gora mai cin rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu za ta ƙare a awa guda, in rana ta take kuma ka ƙara. Ka tashi da abin da bai gaza lita 3 ba, domin tsakanin zango da motar abinci ba lalle ka ga ko rumfa ba.

Tsurar ruwa kaɗai ba ta wadatarwa, har ma takan yi illa. Mutum ya yi ta ɗura ruwa lita bayan lita ba gishiri, gishirin jininsa sai ya tsinke, ya fara ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, a ɗauka ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Don haka gora ɗaya ta zama ta ruwa, ɗaya ta haɗi. Idan garin haɗin da ake rabawa ya ƙare, ka yi wanda iyayenmu mata ke yi wa yaro mai gudawa: lita 1 ta ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Ka matsa lemun tsami in akwai. Fitsarinka shi ne alƙali. In ya fito fari-fari mai ɗan rawaya, lafiya lau. In ya yi ja kamar shayi, ko kuma ka kai azahar ba ka tsuguna ko sau ɗaya ba, ka tsaya ka gyara lamarin kafin ka ƙara taku ɗaya.

Ci ma haka yake, kaɗan-kaɗan ba yankewa. Dabino 3 ko 4 duk rabin awa. Ƙasar dabino ce, irin na Dongola da ake kira barakawi busasshe ne mai tauri, ba ya narkewa a aljihu, kuma ba tsada. Alawar riɗi ma tana ko'ina. Ranar da ka bari yunwa ta kama ka a kan keke za ka ji ƙafafu sun mutu lokaci guda, idanu na ganin duhu-duhu, kuma ko ka ci abinci a lokacin, sai ka yi kusan awa kafin ƙarfi ya dawo.

Kudu da Wadi Halfa titin yana barin kogin Nilu ya ratsa baƙaƙen duwatsun da ake kira Baɗanul Hajar, ba itace ba tsuntsu. Garin Halfa ɗin ma da ka baro sabo ne, tsohon yana ƙarƙashin tafki tun 1964, lokacin da madatsar Aswan ta fara tara ruwa aka kwashe mutanensa zuwa gabashin ƙasar. Sai wajen Abri titin ke komawa kusa da Nilu, ka fara ganin dabinai da gidajen Nubawa masu faɗin tsakar gida da ƙofofi masu fenti. A bakin hanya za ka ga randuna a jere ƙarƙashin 'yar rumfa, da moɗa, sadaka ce ga duk mai wucewa. Ruwan da sanyi, amma daga kogi aka ɗebo shi, cikinka kuma baƙo ne. Ka jiƙa ƙyallen wuyanka da shi, ka zuba a kai. In dole ta sa za ka sha, ka jefa ƙwayar tsarkake ruwa ka jira rabin awa.

Ka ajiye wando mai faɗi a 'yar jakarka, ka zura shi a kan matsattsen kafin ka shiga ƙauye. Mata su ƙara da mayafi. Turawan ayarin wasu ba sa damuwa, mutanen gari kuma kawaici ne da su ba za su tanka ba, amma kai ka san abin da dattijo ke ji in ka tsaya gabansa a haka. Ka yi sallama da kyau. Za a ce maka bismilla ga shayi, kuma da gaske ake, ba a karɓar kuɗi. Ka amsa gayyata ɗaya da safe, sauran ka dafa ƙirji ka yi godiya, in ba haka ba la'asar za ta same ka ba ka yi rabin hanya ba. In ka ce daga Kano ko Damagaram kake, ba za a yi mamaki ba, sun san Hausawa. Sai dai 'yan uwan ba a nan suka fi yawa ba. Sai ka wuce Khartoum, ka bi ta Wad Madani zuwa Gadarif, nan ne za ka ji ana ciniki da Hausa, jikokin maniyyatan da suka tako a ƙasa za su Makka, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903.

Motar abincin rana za ka same ta kafin rana ta take, in ka tashi da wuri. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa komai. Ka ci biredi da abin da aka samu, kifin gwangwani ko ƙwai ko wake, da tumatir, ka barbaɗa gishiri. Ka cika gorunanka duka, ka sake shafa mai, ka tashi cikin rabin awa. Inuwar motar nan mayaudariya ce: kowane minti da ka ƙara a cikinta, a cikin zafin azahar za ka biya shi, ga ƙafa ta sandare.

A nan ne kuma za ka yi wa kanka gaskiya. A kowane ayari akwai masu rantsuwa cewa ba za su bar ko taku ɗaya na hanyar ba su taka da keke ba, daga farko har ƙarshe. Buri ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma na ga wanda zawo ya kwana yana ɗibarsa, ya ƙi hawa mota don kada a ce, ya ƙarasa yinin da ƙyar, sannan ya yi mako a kwance ana ƙara masa ruwa. In kana da zazzaɓi, ko amai, ko maruru ya fashe, ka ɗora keken a mota ka zauna. Wata dattijuwa 'yar Kanada da muka yi tafiya tare, kullum rabin yini take yi, da safe ko da yamma, kuma ban ga ranar da ta kwanta ciwo ba.

Bayan azahar

Wannan ne ɓangaren da ba wanda ke ɗaukar hoto. Kwalta ta ɗau zafi tana mayar maka da shi ta ƙasa, ruwan gora ya zama ɗumi, hira ta ƙare. Kullum aka ƙara yin kudu zafin na ƙaruwa, kafin a kai Khartoum sanyin Halfa ya zama labari. Kada ka lissafa kilomita 70 da suka rage. Ka lissafa 10, ka sha ruwa, ka miƙe tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙu don jini ya zaga, ka canza riƙon hannu, ka sake lissafa 10. In ka hango rumfar mai shayi ko shago mai firji, ka tsaya minti 10. Zoɓo mai sanyi a wannan lokaci ya fi nama.

Ka riƙa duban abokan tafiyarka. Wanda ya fara maganar da ba kai, ko yana tangaɗi a titi, ko ya fusata ba dalili, ko tsigar jikinsa na tashi cikin rana, zafi ne ya bugi ƙwaƙwalwarsa, kuma shi ba zai sani ba, zai ce maka lafiyarsa ƙalau. Ku sauke shi ko yana so ko ba ya so. Ku nemi inuwa, in babu ku shiga ƙarƙashin kwalbati ko ku kafa kekuna biyu ku yafa riga. Ku jiƙa shi da ruwa, wuya da hammata da kai, ku yi masa fifita, ku kira mota. In ba ya cikin hayyacinsa kada ku ɗura masa ruwa a baki. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a barin mutum shi kaɗai da rana, ko da ya fi kowa ƙarfi.

Faci kuwa, a kan kwalta ba ya yawa. Inda ake samunsa shi ne lokacin da ka sauka gefe neman inuwa ka tura keke cikin tsidau da ƙayar bagaruwa. Ka bar keken a bakin titi, ko ka ɗauke shi a kafaɗa. In taya ta sace, ka sa sabon tub, ka bar liƙi sai zango, amma ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka cire ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. Inda yashi ya rufe hanya, ka rage iskar taya kaɗan, ka sa giya mai sauƙi, ka mayar da nauyinka baya, kada ka yi kokawa da kan keken.

Wuraren kallo suna nan: haikalin Soleb da Fir'auna Amenhotep na Uku ya gina, a tsallaken kogi daura da Wawa, sai an shiga kwalekwale, da kuma katafaren ginin tubalin laka na Karma da ya haura shekara 3,500. Ka je in ka iso da wuri kuma da sauran ƙarfi, amma ka gaya wa ɗan baya tukuna, kada a bazama nemanka.

Da ka shiga zango, kafin gaisuwa ta yi tsawo, ka sha romo mai gishiri da masu girki ke ajiyewa, kofi 2. Ka kafa tanti, ƙofarsa na kallon kudu, ka danne turaku da duwatsu domin yashi ba ya riƙo. Sai ka cire wandon keken nan take, kada ka zauna hira da shi. Da gora ɗaya ta ruwa da ɗan tsumma ana wanka: fuska, hammata, matsematsi, ƙafa. Ka bushe sosai, ka sa wando sakakke. In zangon a bakin Nilu yake, ka tambayi mutanen wurin kafin ka shiga ruwa, kudu da madatsar Aswan akwai kada, a ruwan da ke kwance kuma akwai tsargiya. Wajen Fabrairu wasu ƙananan ƙudaje da suke kira nimitti kan taso a bakin kogi su cika ido da hanci, ƙyallen fuskarka zai yi maka rana.

Ka ba keke minti 10. Ka goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa har ta kusa bushewa, don sarƙa mai danƙon mai yashi take tarawa, yashin kuma ya cinye haƙoran giya. Ka liƙe tub ɗin da ya fashe. Abin da ya fi ƙarfinka ka kai wa makanike da sauran haske, kada ka tashe shi da asuba.

Bayan gida da shebur ake zuwa. Ka yi nisa, ta ɓangaren da iska ke tafiya, ka haƙa rami mai zurfi, ka binne, ka dawo ka wanke hannu da sabulu. Mutum 50 na cin abinci daga tukunya ɗaya, in ɗaya ya yi sakaci, cikin kwana 3 rabin ayari na layin shebur.

Kafin magariba madugu zai tara ku ya faɗi tafiyar gobe, sannan a raba abinci. Ka ci da yawa, in an ce akwai ƙari ka koma. In ranar wanke tukwanenka ce, ka yi ba sai an kira sunanka ba. Kafin ka kwanta ka cika goruna, ka haɗa na gishiri da sukari, ka jera rigar gobe da wando busasshe da tocila a inda hannunka zai kai cikin duhu. Takalmi ka shigo da shi tanti ka zuge, saboda kunama, da safe kuma duk da haka ka kakkaɓe shi kafin ka zura ƙafa. Ka yi isha da wuri ka kwanta, awa 8 kake nema, kuma ka kafa tantinka nesa da masu minshari da injin motar girki, don masu dafa kunu sun riga kowa tashi.